Ɗa Na Kowa Ne: Waiwaye Kan Tarihin Renon Yara A Ƙasar Ƙaraye Da Rogo

Gabatarwa

Wata ranar Asabar da hantsi ina zaune a zaure ina duba takardun jarrabawar ɗalibaina, sai ga autanmu, wanda bai cika shekara biyar ba, ya shigo yana jan wando da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana riƙe da guntun rogo da ƙuli. Ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, wai mu 'yan Rogo ne?" Na ce masa haka ne, can ne asalin kakanninka. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya dube ni, sa'an nan ya ce, "To su 'yan Dankali ina ne garinsu?"

Kafin in lalubo amsa sai na ji mahaifiyata ta ɗaga murya daga cikin gida tana cewa, "Rabu da shi! Mijin nan nawa ba noma, ba cefane, sai tambaya kamar alƙali." Shi kuwa gogan ya juya a guje yana shaida mata cewa ai ya sake ta tun jiya, saboda ta hana shi ƙanzo.

Na yi dariya har na ajiye jan biro. Amma da dariyar ta lafa sai na tsinci kaina ina tunanin cewa wannan 'yar hira ta kaka da jikanta ta girmi duk wani gini da ke tsaye a garinmu. A aji muna koyar da tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe da zuwan Turawa, kuma daidai ne a koyar. To amma tarihin cikin gida fa, watau yadda aka haife mu, aka goya mu, aka yaye mu, aka tsorata mu da dodo, wa ya rubuta shi? Manufar wannan maƙala ita ce mu ɗan waiwayi wannan ɓangare na tarihi a ƙasar Ƙaraye da Rogo cikin shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, mu ga abin da ya sauya da abin da ya saura, sa'an nan mu ga inda nauyi ya hau kanmu mu masu riƙe da alƙalami.

Ƙasar Da Ake Magana A Kanta

Ƙaraye da Rogo ƙananan hukumomi ne guda biyu a yammacin Jihar Kano. Rogo ce ta fi kusa da bakin iyaka, domin ta haɗa kafaɗa da Jihar Katsina da kuma Jihar Kaduna, watau tsohuwar ƙasar Zazzau. Ƙasa ce ta noma: dawa da masara da gero a tudu, rake da kayan lambu a fadama. A shekarar 2019 aka ɗaga Ƙaraye ta zama ɗaya daga cikin sababbin masarautun da aka kafa a Jihar Kano, aka rushe su a watan Mayu na 2024, sa'an nan a watan Yuli na wannan shekara aka mayar da ita masarauta mai daraja ta biyu, da Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta.

Zaman bakin iyaka ya sa auratayya ta yi yawa tsakaninmu da maƙwabta. Da wuya ka sami gida babba wanda babu Bazazzagiya ko Bakatsiniya a cikinsa, ko kuma wata 'yar gidan da ke aure a can. Saboda haka yaron wannan yanki tun yana rarrafe yake jin tsokanar Kanawa da Zagezagi a tsakar gidansu, tsakanin kawunsa da babansa.

Baba Mutuniyar Karo

Mai karatu zai yi mamaki idan na ce masa ɗaya daga cikin littattafan da duniya ta fi sani game da rayuwar cikin gidan Bahaushe, labarin wata mutuniyar wannan yanki ne. Sunanta Baba. An haife ta wajen shekarar 1877 a wani ƙauye da ake kira Karo, kusa da Zarewa, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Rogo. Mahaifinta manomi ne kuma malamin allo, asalin gidansu Barebari ne. Ta yi ƙuruciyarta kafin zuwan Turawa, ta ga zuwansu da idonta, ta kuma rayu har zuwa shekarar 1951.

A ƙarshen shekarar 1949 zuwa farkon 1950, lokacin tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta haɗu da wata Baturiya mai suna Mary Smith, wadda ta rako mijinta M. G. Smith aikin binciken rayuwar jama'ar Zazzau. Baba ta riƙa zama tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa. A shekarar 1954 aka buga labarin da Ingilishi a birnin Landan da sunan Baba of Karo, aka sake buga shi a Amurka a 1981. Baba ba ta ga littafin ba, domin ta riga shi tafiya da shekara uku.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin wannan baiwar Allah shi ne, ta yi aure har sau huɗu, amma Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk da haka ba ta zauna hannu rabbana ba, domin dangi sun ba ta 'ya'ya ta riƙa, ta goya, ta aurar. Matar da ba ta taɓa durƙusawa naƙuda ba ita ce ta bar wa duniya bayani mafi faɗi kan suna da yaye da riƙo da wasannin yara a ƙasarmu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana irin tsarin da kakanninmu suka rayu a cikinsa, tsarin da Bahaushe ya dunƙule a cikin karin maganarsa da ya ce ɗa na kowa ne, bawa sai mai shi.

Rabin ƙarshe na karin maganar ma tarihi ne. A zamanin ƙuruciyar Baba akwai bayi da rinji, akwai kuma mahara masu kama mutane a gona ko a hanya, har ma sun taɓa kama wasu daga cikin danginta sai da aka biya fansa. Uwa a wancan lokaci idan ta ce wa ɗanta kada ya yi nisa da gida, ba tsoron mota take yi ba.

Yadda Gida Yake Raba Nauyin Yaro

Gidan wancan zamani gidan gandu ne. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza masu aure duk suna cikin katanga ɗaya, suna noma gona ɗaya, ana ɗibar hatsi daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa ta kansa. Yaron da aka haifa a irin wannan gida yakan buɗe ido ya ga iyaye mata biyar ko shida, kowacce tana da ikon ta ba shi tuwo, tana da ikon ta ja masa kunne. Akwai al'adu guda uku da suka riƙe wannan tsari, kuma ina ganin ya kamata mu tsaya a kansu.

Ta farko ita ce kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ma ko shayar da shi za ta yi sai ta faki ido. Sai dai ka ji tana cewa "yaron nan" ko "wancan". Uba ma haka, bai cika sakar masa fuska ba. Wanda bai san al'adar ba zai ɗauka ƙiyayya ce, alhali kuwa kara ce ake yi wa surukai da sauran manyan gida. Amfaninta a aikace shi ne, yarinyar da ta haihu tana da ƙarancin shekaru ba a bar ta ita kaɗai da jariri ba. Tun da an ce ba nata ba ne, dole kaka da goggo da uwargida su karɓa.

Wannan kunya ta sha jefa iyayenmu cikin abin dariya bayan da zamani ya kawo takardu. Ina iya tuna ƙidayar jama'a ta watan Nuwamba na shekarar 1991, ina ɗan firamare. Malamin ƙidaya ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi mahaifiyata sunan maigidanta. Ta ce, "Malam." Ya ce, "Malam wa?" Ta yi shiru tana tonon ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Ya ce to a bar wannan, mene ne sunan babban ɗanta? Nan ma shiru. Da abin ya ishe ta sai ta ƙwala wa ƙanwata kira, yarinya 'yar shekara huɗu, ta ce, "Zo ki gaya masa sunan wancan da na uban wancan." Yarinya ta gyara tsayuwa ta ce, "Yaya da Baba." Da ƙyar maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta raba gardama. Wata goggona kuwa har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta kalmar Talata ba, saboda sunan surukarta Talatu. Kullum sai dai ta ce "wanshekaren Litinin".

Ta biyu ita ce riƙo, wanda wasu ke kira tallafi, kuma yawanci daga yaye yake farawa. Idan yaro ya kusa shekara biyu sai kaka ko goggo ta zo ta saɓa shi a baya ta tafi da shi gidanta. A can zai yi kukansa na kwana biyu ko uku, a lallashe shi da kunu da fura da 'yar tsokar nama, har ya manta da nono. Sau da yawa daga nan bai sake dawowa ba sai da ziyara. Matar da ba ta haihu ba a ba ta, tsohuwar da 'ya'yanta suka watse a ba ta mai ɗebo mata ruwa, malamin da ake so yaro ya yi karatu a wurinsa a ba shi. A shekarun wahala, irin yunwar 1914 da farin 1973, wannan hanya ta rage wa gidaje masu yawan baki nauyi. Ba na cewa kowane riƙo ya yi daɗi. Tatsuniyoyinmu cike suke da marainiyar da kishiyar uwa ta aika rafi mai nisa, kuma ba a banza aka ƙaga su ba. Akwai 'yan riƙon da suka ga gata, akwai waɗanda suka ga tasku.

Ta uku, wadda ita ce ta jawo wannan rubutu, ita ce wasa. Bahaushe ya raba danginsa gida biyu: waɗanda ake jin nauyinsu da waɗanda ake wasa da su. Uba da uwa da baffa da suruki na cikin kashin farko. Kaka da taubashi na cikin na biyu. Kaka mace takan kira jikanta namiji mijinta ko angonta, ta kira jikarta mace kishiyarta. Kaka namiji kuma jikarsa ita ce amaryarsa, jikansa namiji abokin takararsa. Taubasai, watau ɗan mace da ɗan namiji, suna da tasu tsokanar, har da kuɗin shara da ake bi a watan cika-ciki.

Idan mutum ya lura zai ga hikimar abin. Yaron da ba ya iya ɗaga ido ya dubi ubansa yana da inda zai je ya saki baki ya faɗi abin da ke ransa, ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Kuma ta wannan ƙofa ake shigar masa da gyara. Yaron da ke fitsarin kwance, idan uba ya yi magana bulala ce za ta biyo baya. Amma kaka sai ta tashi da safe ta shanya tabarma tana shela cewa ita kam ta gaji da auren mai ban-ruwa, damina da rani gonarsa a jiƙe. Gida ya ɗauki dariya, yaro ya ji kunya, gobe ya roƙi a tashe shi cikin dare. Kakata ta wajen uba da haka ta raba ni da tsotsar yatsa. Ta ce ba za ta ƙara dafa wa mijin da ya riga ya ƙoshi da ɗan yatsansa ba, ta kuwa ɗauke ɗumamena ta ba ɗan'uwana a gabana.

Sunaye Ma Kundin Tarihi Ne

Wanda yake son sanin halin da iyayenmu suka yi reno a ciki, ya saurari laƙabin tsofaffin garinsu. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Cindo yana da yatsa shida, Shekarau ya daɗe a ciki, Anaruwa ya zo ana tsuga ruwa, Nomau ya zo ana tsakiyar aikin gona. Kowane suna ɗan guntun labari ne na ranar da aka haifi mai shi.

Akwai kuma sunayen da ke ɗauke da hawaye. Matar da take wabi, watau tana haihuwa suna mutuwa, ita ce ke sa wa ɗanta Ajuji ko Ayashe ko Barmani. A nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Agana da ƙyanda da tarin shiƙa da zazzaɓin damina sun yi wa gidajen kakanninmu ɓarna ƙwarai. Tsohuwa takan ce maka ta haifi goma, huɗu suka tsaya, ta faɗe shi a sanyaye tana ci gaba da kaɗa miya. Ina zaton wannan na cikin dalilan da suka sa ba a son uwa ta nuna zaƙuwa a kan ɗanta, kuma aka fi son yaro ya zama na mutane da yawa.

A nan dole mu yaba wa zamani. Agana, wadda tabon lambarta ke dantsen iyayenmu, an shelanta kawar da ita daga duniya a shekarar 1980. Shan inna, wanda aka yi ta taƙaddama a kan rigakafinsa har Jihar Kano ta dakatar da shi daga 2003 zuwa 2004, an tabbatar da kawar da nau'insa na asali daga nahiyar Afirka a watan Agusta na 2020. Mun dai ga annobar sanƙarau ta 1996 da idonmu, ba kuma za mu manta da ita ba. Haka nan wasu al'adun jego an sassauta su. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙa tsakanin ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta. Yau a ajin da nake koyarwa babu Ajuji ko ɗaya, kuma wannan abin godiya ne ga Allah.

Abubuwan Da Suka Sauya Gida

Sojojin Turawa sun taso daga Zariya suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Tun a 1901 sun yi dokar cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba, ko da yake bauta ba ta ƙare a doka gaba ɗaya ba sai 1936. Hare-hare suka tsaya, hanyoyi suka buɗe. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi. Saurayin da ya ga zai iya noma gyaɗarsa ya sayar, ko ya tafi cin rani ya dawo da kuɗi a aljihu, sai zaman gandu ya fara yi masa nauyi. A hankali manyan gidaje suka riƙa rabuwa, musamman bayan rasuwar maigida. Wannan sauyi bai zo dare ɗaya ba, har yanzu ma akwai ragowar gandu a ƙauyukanmu, amma tun daga lokacin katangar ta fara tsagewa.

Sai kuma makarantar boko. Kafin ta yawaita, yaro namiji yakan tashi tsakanin allo da gona da kiwo, mace kuma tsakanin allo da talla da goyon ƙanne. Da dare a hau dandali, maza na langa, mata na gaɗa, ƙanana kuma suna gindin kaka ana ba su labarin Gizo da Ƙoƙi. Idan azumi ya kai kwana goma a fita tashe. A wancan lokaci idan aka ce dagaci na neman yaran da za a kai boko, gari yakan ruɗe. Wani baffana ya ba ni labarin yadda aka ɓoye shi a cikin rumbu tun safe. Da jakadan ya zo aka rantse masa cewa yaron ya tafi kiwo, har ya juya zai tafi, sai ƙaiƙayin dawa ya ci ƙarfin baffa, ya saki atishawa. Kakarmu ba ta ko ƙifta ido ba ta ce, "Wannan kazar da mura take." Baffan nan dai da fanshonsa na malanta ya yi wa tsohuwar rufin kwano.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE, makarantu suka shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Da yake yawancin yara ba su da takardar haihuwa, sai malamai suka riƙa gwada shekaru da hannu: yaro ya ɗora hannunsa ta saman kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. Wanda ya kamo ya isa shiga aji ɗaya, wanda ya kasa ya dawo baɗi. Har zuwa lokacinmu ana wannan gwaji. Ni kaina sai da na karkatar da wuya kamar mai ciwon haƙori kafin yatsana ya taɓo kunnen, domin an ce ana raba wa 'yan makaranta alli.

A farkon shekarun 1990 aka gina madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, aka kammala ta a 1992. Ta kawo kifi da noman rani, ta kuma tashi wasu garuruwa daga mazauninsu na asali, maƙwabtan da suka yi shekaru suna renon 'ya'yan juna suka sami kansu a sababbin matsugunai. Iyaye mata kuma suka sami sabon abin gargaɗi. Mu da aka tsorata da dodon rijiya, ƙannenmu da dam aka tsorata su, kuma wannan dodon na gaske ne.

Daga nan sai abubuwa suka riƙa zuwa a guje. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara da Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma ya shiga ƙauyuka da janareta. Wayar salula ta shigo a 2001. Dandali ya yi shiru, tatsuniya ta ja baya. Kwanan baya na ce wa 'yata ta zo kakarta za ta yi musu tatsuniya, sai ta tambaye ni ko kashi na nawa ne, domin ita ba ta son ta fara daga tsakiya. Wani dare kuma da aka ɗauke wuta na ce musu su yi shiru ga dodo nan, sai wanta ya ce in ba shi waya ya haska ya ɗauki hotonsa.

Abin Da Ya Saura Da Abin Da Ke Shirin Tafiya

Duk da haka al'ada ba ta mutu ba, ta dai sake riga. Matan yanzu suna kiran sunan ɗan fari, wasu har su ɗora hotonsa a waya, amma ka duba yawan Abba da Ummi da Walid da Halifa da ke cikin rajistar kowane aji. Yawancinsu sunan kaka aka mayar, ana jin nauyin a kira shi gatsau, sai aka saya. Kunyar nan dai ce ta goggona mai wanshekaren Litinin. Wasan kaka da jika ma yana nan da ransa a duk gidan da Allah ya bar tsohuwa.

Inda nake jin tsoro shi ne gidajen da babu tsohuwar. Ma'aikaci irina yakan kama hayar ɗaki biyu a inda aka tura shi aiki, daga shi sai matarsa sai yara. Nauyin da mutum goma suke ɗauka a da, yanzu ya koma kan mutum biyu, wani lokaci ma a kan uwa ita kaɗai. Ita ce mai tsawa, ita ce mai lallashi, ita ce likita, kuma babu wanda zai karɓe ta ko na awa ɗaya. Maƙwabci kuwa ya daina tsawata wa ɗan maƙwabcinsa, don gudun kada a wayi gari a ofishin 'yan sanda. Mu malamai muna ganin sakamakon a aji: yaron da bai saba jin gyara daga bakin kowa ba sai iyayensa, da kuma yaron da ba shi da wanda zai yi wa wasa ya faɗa masa damuwarsa. Ba ina kiran a koma gandu ba ne, domin ruwan da ya wuce ba ya dawowa, kuma ba wanda ke kewar agana. Amma wanda ya san amfanin da abu ya yi, shi ne zai iya neman madadinsa.

Kammalawa

'Yan'uwana marubuta, musamman masu tasowa, ga inda maganar ta dawo kanmu. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, mun rubuta dubban shafuka a kan soyayya, kuma ba laifi ba ne. Sai dai yawancin labaranmu kan ƙare ranar da aka kai amarya, alhali rayuwar gidan daga nan take farawa. Yaran da ke cikin littattafanmu sau da yawa kamar kayan ɗaki suke, a shigo da su a fitar, ba sa magana irin ta yara. Wanda duk ya zauna da ɗan shekara huɗu na awa ɗaya ya san cewa babu marubucin da zai iya ƙaga irin abin da ke fita daga bakinsa.

Baba mutuniyar Karo ba ta yi boko ba, ba ta riƙe sarauta ba. Abin da ya raba ta da dubban tsararrakinta da aka manta shi ne an sami wadda ta zauna a gabanta da takarda da alƙalami na 'yan makonni. Daga Ingila wannan mata ta zo. Mu kuwa tsofaffin suna cikin gidajenmu, a Zarewa da Beli da Fulatan da Yammedi da Turawa da Kafin Dabga, muna wuce su kullum da "ina kwana" a kan hanyarmu ta zuwa neman labari. Shawarata ita ce kowannenmu ya sayi littafin rubutu guda, ya raba shi biyu. A rabi ya rubuta abin da tsohuwar gidansu ta tuna: wa ya yaye ta, wa ya riƙe ta, 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka tsaya, da me aka tsorata ta, wane wasa suka yi. A ɗaya rabin ya rubuta maganganun yaran gidan, da ranar da suka faɗa. Ya rubuta da Hausar da suka yi magana da ita, kada ya gyara musu.

Ni dai na fara nawa a daren ranar da aka tambaye ni garin 'yan Dankali. Da na zauna gaban mahaifiyata da littafi ta dube ni ta ce me zan yi da zancen tsofaffi, na ce ajiyewa zan yi. Ta ce to in fara rubuta cewa mijinta ya mayar da ita da la'asar, a kan sadakin alewa guda, wadda ya riga ya tsotsa. Na rubuta, da kwanan wata. Da na tambaye ta sunan ɗanta na fari kuwa, sai ta ce in bar wurin a buɗe, in an jima ƙanwata za ta zo.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya jiƙan waɗanda suka goya mu.